Haƙƙin Idon Gwaggon Biri

Ko na tsufa na manta sunan unguwarmu, ranar da na kai surukina gandun namun daji ba za ta fita raina ba. A lokacin bai zama surukina ba. 'Yarsa na so na, amma shi, dattijon ɗan kasuwa a Wunti, ya ƙi cewa e, ya ƙi cewa a'a.

Wata rana na je gaishe shi, na ji yana gaya wa 'yan majalisarsa cewa haifaffen Bauchi ne amma bai taɓa ganin giwa ba. Ni kuwa sarkin zaƙewa na ce, "Baba, ni zan nuna maka." Kai ka ce a garkena take.

Na ari mota, na cika kula da masa da miyar taushe, muka kama hanya. Mun sha zagaye a dajin nan. Mun ga gwanki, mun ga mugun dawa da 'ya'yansa, giwa kuwa sai kashinta. Mai yi mana jagora sai cewa yake, "Yanzun nan suka wuce." Baba ya dubi tulin kashin, ya dube ni, ya ce, "To, madalla."

Da muka zauna cin abinci, wani ƙaton gwaggon biri ya tsuguna gabanmu ya zuba mana ido. Jagoran ya riga ya gargaɗe mu kada mu ba su komai. Baba ya ce, "Haba, a ci a gaban mai rai a hana shi? Ai akwai haƙƙin ido." Ya jefa masa masa ɗaya.

Ashe wakili aka turo. Kafin mu ankara dangi sun sauko daga bishiyoyi. Wani ya sure kular, wani ya nufi Baba yana bangale haƙora. Dattijon da ko ruwan sama bai taɓa sa shi sauri ba ya tattare babbar riga ya ranta a na kare, ba hula, ba takalmi, yana ta salati. Na bi shi da su a hannu.

Muka kamo hanyar gari. Na fid da rai da auren, raina ya ɓaci ƙwarai.

A ƙofar gida 'yan majalisa suka taso. "Alhaji, yaya daji? Ina kular?"

Baba ya kalle ni. Na ce, "Ai Baba sadaka ya yi da abincin. Mabuƙata ne suka yi yawa."

Suka yi ta sa masa albarka. Kafin sati ya zagayo ya aiko in turo magabatana.

Na daɗe ina zaton halina ne ya burge shi. Sai bayan shekaru, yana dariya, ya ce da ni, "Wanda ya ga gudunka, ai gara ka ajiye shi a cikin gida." Tun daga nan na gane, a wurin manya, iya rufe baki ya fi iya cika shi.