Kwalbar Gwaggo Hassi

Ina kan keken ɗinki a kasuwar Dogon Dutsi, wani mai sayar da kanwa daga Matankari ya tsaya a bakin rumfata, ya cire takalmi kafin ya yi sallama. Nan take na gane ba lafiya ba. Ya ce Gwaggo Hassi ta rasu da hantsi, bayan ta gama shara. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Gwaggo Hassi 'yar'uwar mahaifina ce, tagwaye suke, Hassana da Husaini. Ina ƙarami aka yi yaƙin Turawa, soja suka cika bakin iyaka, aka ɗebi mahaifina cikin masu dakon kayansu. Zazzaɓi ya kwantar da shi a asibitin soja, wanda ba gini ba ne, farin tanti ne da ake naɗewa idan rundunar ta tashi. Can ya cika, can aka binne shi. Abokin dakonsa da ya dawo bai iya tuna komai ba sai cewa akwai rijiya da gawo a wurin. To, a ƙasar Arewa ina ne babu rijiya da gawo?

Kowa ya dangana, ban da Gwaggo. Takan ce, "Tare munka zo duniya, ba ni barin shi kwance inda babu mai kiran sunanai."

Hanyar nemanta dabam ce. Ba ta tafiya sai damina ta sauka, lokacin da hauya ke tone ƙasa. Za ta ɗora ƙwaryar daddawa a kai, ta bi gonaki tana talla, amma cinikin ba shi ne a gabanta ba. Tambayarta ɗaya ce ga kowane manomi: "Ɗiyana, hauyarka ba ta taɓa hiddo hwasassun kwalabe jajaye ba?" Ta lura inda tanti ya zauna, kwalaben magani suna nan a ƙasa. Da haka ta gano wuri ɗaya kusa da Kore Mairuwa, wani kuma a hanyar Tibiri, amma babu kabari a ko ɗaya. Mu da ke gida muna tsokanarta cewa ta fi kumandan, Baturen mulki, sanin ƙasar. Ba ta fushi, sai ta ce mu ci daddawar da ta yi kwantai, mu yi shiru.

Na riga na yi aure lokacin da wata Bafulatana mai nono ta ba ta labarin wata gona wajen Dogon Kiriya, inda mai gonar ke barin wani gefe ba ya nomewa. Wannan karon tare muka tafi. Har yau idan na tuna wurin kamar a mafarki nake ganinsa: gero kore shar ko'ina, hadari ya yi luf, gawo tsaye ba ganye kusa da wata rijiya, ga wani ɗan fili da kalgo ya rufe. Mai gonar ya ce shi ya ga tantin da idonsa, ya kuma ga inda aka riƙa sa mutane, shi ya sa hauyarsa ba ta shiga nan.

Kaburburan sun baje, ba alamar suna. Na tambaye ta wanne ne namu. Ta daɗe tana kallon wurin, sannan ta ɗebo ruwa a rijiyar ta bi su ɗaya ɗaya tana yayyafawa. Ta ce, "Kowane ɗan'uwan wata na. Su ba su samu zuwa ba, ni na samu." Ta kira sunan Husaini a hankali, kamar mai tashin yaro daga barci. Ta tsinci wata kwalba da ba ta fashe ba, ta cika ta da ƙasar wurin. Ranar na yi kukan ubana, wanda ban yi ba ina yaro.

Ranar rasuwarta, na isa Matankari kafin a kai ta. Kwalbar na nan a ƙarƙashin tabarmarta. Da aka sa ta a makwancinta, na durƙusa na zazzage ƙasar a gefenta. Liman ya gani, ya ci gaba da addu'arsa.

Allah ya jiƙan Gwaggo Hassi, ya haɗa ta da ɗan'uwanta a Aljanna. Ya gafarta wa waɗanda ke kwance a ƙarƙashin kalgon nan, ya saka wa mai gonar da alheri. Mu da ta bari, 'ya'ya da jikoki, Allah ya ba mu haƙuri, ya ba mu mai kiran sunanmu bayan mun tafi. Amin.