Akushin Maigidana a Jikin Bango

A rubuta yadda na faɗa, kada a tausasa mini magana.

Da maigidana ya rasu, ɗana ya ɗauko ni daga Kucheri ya kawo ni gidansa a Damba. Cikin ɗan kayan da na zo da su akwai baƙin akushin da marigayin ya ci tuwo a ciki tun ina amarya. Ƙarƙashin gado na kife shi. In kewa ta taso mini, sai in jawo shi in yi kukana.

Matar ɗana mai son shuka fulawar ado ce. Ƙawarta ta kawo mata wani tsiro daga Kaduna, ganyensa ya rarrabu kamar ƙahoni. Wai ba ya son ƙasa, sai an ɗaure shi jikin katako. Mu a gona, abin da ya hau itace ya rayu ba ƙasa kauci ne, sarewa muke yi.

Ranar da na dawo gaisuwar mutuwa daga Bungudu, na tarar da akushin rataye a bangon baranda. Matar ɗana ta huda shi da ƙusa, ta cusa tsohon soson wanka da ɓawon kwakwa, ta ɗora kaucin nata, ta naɗe da yagaggen gidan sauro. Har ɓawon ayaba take tura masa a matsayin taki.

Na ce, "Wa ya ba ki?"

Ta ce, "Inna, na ga ƙura ce ke cin sa. Yanzu kullum za ki riƙa ganin sa, ai ya fi."

"Uban mijinki kika rataye kamar kalanda?"

Ɗana ya sa baki, wai in yi haƙuri, katako ne. Katakon da ya ci ragowar tuwo a ciki har ya yi gemu.

Na bari ta tafi aiki, na yanke ragar da wuƙa. Ban jefar da tsiron ba. Na haƙa rami a tsakar gida, na zuba kashin awaki, na binne gindinsa, na ba shi ruwa safe da yamma kamar kowace shuka ta Allah. Ruɓewa ya yi. Ta yi ta kuka. Ko a jikina.

Akushin kuwa na wanke shi da toka har hannuna ya saɓule, warin ruɓaɓɓiyar ayaba bai fita ba. In na zuba ruwa, ta ƙasa yake tsiyayewa. Na rungume shi na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Jiya ta durƙusa a bakin ƙofata, wai za ta sayo mini sabo a kasuwa. Na ce ta sayo ta ci a ciki.