Motata Ta Koma Jiniya a Hanyar Rano

Jama'a, yau saura ƙiris motata ta sa a kulle ni!

Na ɗauko Kawu Sale daga Kibiya za mu ɗaurin aure Rano, shi ne waliyyin amarya. Ina taka totur sai tsohuwar motar nan ta fara kuka, wiiii, sak jiniya! Masu babur suka yi ta darewa.

Kawu ya ce, "Kai Nasiru, gwamna ne a bayanmu?"

Na duba madubi, babu kowa sai shuɗin hayaƙi!

A shingen bincike wani jami'i ya tare mu. "Wa ya ba ka izinin sa jiniya?" Na rantse ban sa ba. Ya buɗe bonet, ya laluba ko'ina, bai ga komai ba.

Na kira bakanikena, ya saurari kukan ta waya. Ya ce, "Kashe ta yanzu! Turbo ne ya lalace, abin nan da ke hura wa inji iska, yana zuƙar baƙin mai. Ka ƙara gaba, inji ya buga. Ko injin gwanjo za ka saya, sai ka sayar da masararka ta bana."

Jami'in ya ce mu wuce. Mu wuce da me? Ga Kawu nan bakin titi da babbar riga, liman sai kiran wayarsa yake. Don Allah wa ke kusa da babur?