Jar Dara a Kan Kubri

Ƙanena mawaƙin hip-hop ne, mai tulin gashi da bakin da ba ya jin tsoron kowa. Waƙoƙinsa da Larabci yake yi, rabinsu zagin masu bindiga ne. Da aka ɗauke shi da abokansa a wani fim na zamanin Turawa, aka ba shi rawar ɗan sanda mai gadin gonar auduga, na yi dariya har na ƙware. Ni na ɗinka masa kakin. Ya ƙi aski, don haka aka cusa gashin cikin jar dara. Akwai waƙar tsinkar auduga da zai rera da Hausa, irin wadda kakarmu ke yi, kullum sai ya yi mita wai waƙar tsofaffi ce.

A birnin Omdurman ake ɗaukar fim ɗin, mu kuwa a unguwar Hilla Kuku muke, a tsallaken kogi. Lokacin zanga-zanga ne, sojoji na tare samari a kan kubri, gadar da ke tsallaka kogi, suna aske su da wuƙa. Ran nan da la'asar sai ya yi dabara: zai koma gida da kayan fim, dara ta ɓoye gashi.

Na ce, "Cire kakin nan mana."

Ya ce, "Yaya, wa zai taɓa ɗan sanda?"

Bindigar katako ta fim ɗin ma ya jefa a jakata.

A kubri aka tsayar da motarmu. Wani soja ya leƙo, ya dubi kakin, ya ce ƙanena ya sauko, na bi shi. Ya zazzage jakata, bindigar ta faɗo. Na san samari biyu a layinmu da aka sauke haka, har yau iyayensu na yawon nema.

"Fim ne," in ji ƙanena. "Ni mawaƙi ne."

"Mawaƙi? To yi mana waƙa, ya zol," in ji sojan da Larabci, wato kai mutumin nan.

Nan tsoro ya gama da ni. Waƙoƙin nan nasa, baiti ɗaya ya isa a jefa shi a motar sojoji. Na ga leɓensa na motsi, hannunsa ya fara wannan kaɗawa da yake yi kafin ya soma. Na damƙe hannun har farcena ya shige.

Sai ya sunkuyar da kai ya ɗauko waƙar auduga. Muryarsa na rawa, Hausar na karyewa, gumi na bin ƙasan darar. Sojan bai ji ko kalma ba. Ya yi tsaki, ya karya bindigar a gwiwa, ya ce mu ɓace.

Muka isa gida. Ya zauna a tsakar gida, ya cire darar, ya miƙo mini almakashin ɗinkina.

"Yaya, aske."

Na aske. Sau biyu na yanke shi kafin na gama.