Kwalbar Allura a Ruwan Zafi

A zamanin soja, lokacin da kananzir ya zama sai wane da wane, wani likita a Zariya ya ce yayana yana da sankarar jini. Ya rubuta masa allura mai zaburar da garkuwar jiki, sau uku a mako. Ya ja mini kunne a kan abu biyu: kada maganin ya rabu da sanyi, kuma zai riƙa sa shi zazzaɓi da karkarwa. Na faɗa wa Yaya. Matarsa kuwa ban ga dalilin faɗa mata ba.

Ina aiki a gidan rediyo a Kaduna, shi yana Gubuchi. Wata nas, 'yar kudancin Kaduna, ita ke ajiye kwalaben a firjin ɗakin shan magani. Ranar allura takan kawo ɗaya cikin fulas, ta miƙa wa matar Yaya, sannan ita nas ɗin ta durƙusa a zaure tana gaida Baba, wanda gaisuwarsa ba ta ƙarewa da wuri, kafin ta shiga ta yi allurar.

Da farko haƙoran Yaya har kaɗawa suke yi cikin bargo biyu. Daga baya karkarwar ta tsaya cak, gida ya yi hamdala.

Wata Asabar na zo, na tarar da matar Yaya a madafa, kwalbar tana cikin kwanon ruwan zafi.

"Matar Yaya, me nake gani haka?"

"Kai ɗan birni, ka iya karanta labarai amma ba ka san ciwon sanyi ba? Abu daga firji a ɗura wa mutum a jiki! Tun da na fara ɗumama masa, ka ƙara ganin ya yi karkarwa?"

"Tun yaushe?"

"Tun farkon yankan rake."

Gwajin da ya biyo baya ya nuna fararen ƙwayoyin jininsa sun sake yawa. Na tambayi likita ko zafin ne. Ya ce zafi yana lalata maganin, amma akwai waɗanda ba ya yi wa aiki ko an kiyaye shi. Ba zai rantse ba.

A gida na ce likita ya canja tsari, nas ce za ta riƙa riƙe fulas. Karkarwa ta dawo. Yaya ya rasu kafin damina.

Har yau matarsa takan ce da an bar ta da ruwan zafinta, da bai sha wuya haka a ƙarshe ba. Nakan ce mata, "Allah ya jiƙansa."