Hancin Inna da man ɗoɗɗoya

Sau uku ina tatsar mai daga ganyen ɗoɗɗoya a ɗakin bincike, abin da ke fita bai kai cokali ba. Malamina har ya ce in canza aikin.

Na koma Kwalkwalawa wurin Inna, tsohuwar da nake tsinkar ganyen a gonarta. Ta murza ganyen, ta shinshina.

"Ɗiyata, yaushe kinka tsinke shi?"

"Bayan azahar, Inna."

"Ai rana ta riga ta shanye man. Ki taho da asuba."

Na bi maganarta. Wallahi mai ya taru, kuma inda na ɗiga shi a farantin gwaji, ƙwayoyin cuta sun kasa yaɗuwa.

Hancin Inna ya riga na'urarmu sani. Ku wace tsohuwa ta taɓa gyara muku karatu?