Hannun da Yamusa Ya Daina Fitarwa

Shekara ashirin da biyu Yamusa ya yi yana jan tipar yashi tsakanin Orozo da Karshi, hanyar da mai zuwa da mai komowa kwalta ɗaya suke rabawa. Gajere ne, mai saurin dariya, Allah sarki, ko yaro bai iya tsawata wa ba.

Direban babbar mota yana sama, shi ke hango nesa. In gaba ba kowa, sai ya fitar da hannu ta taga ya yafito na bayansa ya wuce. Haka Yamusa ya taso yana yi, har wata rana a 2003 ya yafito wata tasi a gindin tudu. Bai ga babur ɗin da ke gangarowa ba. Shi da kansa ya ɗauke gawar mai babur daga kwalta.

Tun ranar hannunsa bai ƙara fita taga ba. Rabin idonsa a hanya, rabi a madubi, yana lura da duk motar da ta leƙo daga bayansa. Matarsa Rosemary takan gasa masa wuya da ruwan zafi in ya dawo.

Amininsa Mato, direban bas, ba ya raga masa a tasha. "Oga Yamusa, hannun ya shanye ne? Tun daga Orozo muke bin ka kamar masu rakiyar gawa!"

"Gara ka raka da a raka ka, ɗan'uwana," in ji shi. "Ni dai ba wanda zai ƙara mutuwa a gefen motata."

Daminar 2019, ana yayyafi, ya hango bas ɗin Mato a madubi, cike da mata 'yan kasuwa. Ta leƙo, ta koma. Ta sake leƙowa. Kwana ce a gaba.

"Kar ka fito, Mato," ya ce a ransa. "Don Allah kar ka fito."

Mato ya fito. A daidai lokacin Yamusa ya hango kan tirela tana tahowa ta bayan bishiyoyi. Ya wurga hannu waje yana dannawa ƙasa, koma, koma! Ina, bas ta riga ta jera da shi. Birki ba ya kama tipa mai lodi a jiƙaƙƙiyar kwalta. Ya dubi dama: ruwa ya cinye gefen hanya, sai kwazazzabo.

Nan ya karya sitiyari, tipa ta nufi kwazazzabon.

Bas ta faɗa gurbin da ya bari, tirela ta wuce tana hon. Mutum goma sha takwas na cikin bas, ko ƙwarzane babu. Yamusa bai kai asibiti ba.

Har yau Mato na bin hanyar. In ya tarar da babbar mota, bayanta yake lafewa har Karshi. Fasinjoji su yi ta mita: "Direba, rakiyar gawa muke yi ne?"